Giyar inabi a teburin Faransawa: ƙa'idojinta da taƙaddamar da take jawowa

A watan Janairun 2016, lokacin da shugaban Iran na wancan lokaci, Hassan Rouhani, ya kai ziyara birnin Paris, bai zauna cin abinci da takwaransa Francois Hollande ba.

Rahotanni sun ce Iraniyawa sun nemi kada a ajiye giya a kan teburi, Faransawa kuwa suka ce ba za su bar al'adarsu ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 1999 ma an ɗage ziyarar shugaba Mohammad Khatami daga watan Afrilu zuwa Oktoba saboda irin wannan saɓani.

To wane matsayi giyar inabi take da shi a gidan Bafaranshe, har ta kai ga haka?

Wani ɓangare na abinci

A wurin Faransawa, giyar inabi ɓangare ce ta abincin kansa.

A 2010 hukumar UNESCO ta sanya liyafar cin abinci irin ta Faransa cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada, kuma daidaita kowane abinci da giyar da ta dace da shi na daga cikin abubuwan da aka ambata.

Irin wannan liyafa tana da aƙalla matakai huɗu: abin buɗe baki, sai kifi ko nama da ganyayyaki, sai cuku, sannan kayan zaƙi.

Bisa al'ada, farar giya ce ke tafiya da kifi, ja kuma da jan nama. Ana fara kawo fara kafin ja, sabuwa kafin wadda ta daɗe a ajiye.

Aikin mai gida

Mai gida ne ke buɗe kwalba, kuma shi ke fara ɗanɗanawa, domin wani lokaci toshiyar kwalbar kan ɓata ƙamshin abin da ke ciki.

Sanyi ma yana da ƙa'ida. Ana kawo ja a ma'aunin zafi 16 zuwa 18, fara kuwa tsakanin 8 da 12. Masana harkar sun ce sanyi mai yawa yana ɓoye ƙamshi, zafi kuma yana sa warin barasa ya rinjayi komai.

Ba a cika kofi. Kashi ɗaya bisa uku ake zubawa, a kuma riƙe kofin ta doguwar ƙafarsa don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki.

Idan giyar tsohuwa ce, akan juye ta a hankali cikin wani tulun gilashi, a bar abin da ya kwanta a gindin kwalba.

Baƙo ba ya zuba wa kansa. Yakan jira mai gida.

Baƙon da ba ya sha

Wannan ne ya fi shafar ɗalibai da 'yan kasuwa da jami'an diflomasiyya Musulmi da akan gayyata gidajen Faransawa.

Kofin ruwa yana kan kowane teburi, daga gefen hagu na kofunan giya, kuma ba laifi ba ne baƙo ya ce ruwa ya ishe shi. Abin da ya fi shi ne ya sanar da mai gida tun lokacin gayyata.

Ya kamata kuma ya yi tambaya a kan girkin, domin wasu fitattun miyun Faransa, kamar coq au vin da boeuf bourguignon, da jar giya ake dafa su, kuma dahuwa ba ta kawar da barasar baki ɗaya.

Haka nan abin da ake sayarwa da sunan giyar da aka cire wa barasa: dokar Tarayyar Turai ta yarda ya ƙunshi har kashi 0.5 cikin ɗari, don haka sai an duba rubutun da ke jikin kwalba.

Al'ada na sauyawa

Su kansu Faransawan sun rage sha ƙwarai. A shekarun 1960, abin da kowane mutum ke sha a shekara ya haura lita 100, amma a farkon shekarun 2020 ya sauko zuwa kusan lita 40.

Tun 1956 aka hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekaru 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu, a 1991 kuma aka kafa dokar da ta taƙaita tallan barasa.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Sai dai duk da haka, Faransa na cikin ƙasashe uku da suka fi samar da giyar inabi a duniya, tare da Italiya da Spaniya, kuma dubban iyalai sun dogara da gonakin inabi. Shi ya sa janye kwalba daga teburin fadar Elysee ke zama batu na siyasa.