Mai Kwaɓi da Mai Wuta: Sana'ar Fiza a Napoli

A Napoli, birnin kudancin Italiya da matasanmu suka sani saboda Victor Osimhen da kofin da ƙungiyar ƙwallon birnin ta ɗauka a 2023, akwai shagon da sai ka karɓi lamba a bakin ƙofa, ka tsaya a titi har a kira ka. Sunansa Da Michele, masu shi kuma suna ƙirga sana'ar gidansu tun daga 1870. Shekara da shekaru fiza iri biyu aka san shi da su: marinara, mai tumatir da tafarnuwa da mai, da margherita, mai tumatir da cuku da ganyen basil, ɗan'uwan ɗaɗɗoya. Duk biyun ba nama, wanda ya sauƙaƙa wa baƙo Musulmi, domin da yawa cikin sauran nau'o'in da naman alade a kansu. Tun da shagon ya fito a fim ɗin Eat Pray Love a 2010, layin sai ƙara tsawo yake yi. Abin da ake wannan jira dominsa kuwa bai fi minti ɗaya da rabi a wuta ba.

Aikin kansa tun jiya aka fara shi. Kwaɓin fizar Napoli abu huɗu ne: fulawa, ruwa, gishiri, da yis ɗan ƙanƙani. Ba sukari, ba mai. Ƙungiyar masu sana'ar, Associazione Verace Pizza Napoletana, wadda aka kafa a 1984, ta rubuta ƙa'ida cewa kwaɓi ya kwanta aƙalla awa 8, kowane curi ya kasance tsakanin giram 200 da 280, faɗin fizar kada ya wuce santimita 35. Amma takarda ba ta san yanayin gari ba. Ranar zafi kwaɓi na saurin tashi, sai a rage yis. Ranar sanyi ko danshi a sake lissafi. Maigidan shago yakan danna curi da yatsa ya san ko ya isa ko saura. Wanda ya gaggauta ya gasa kwaɓin da bai kwanta ba, mai ci ne zai biya, da nauyin ciki da ƙishirwa cikin dare.

Ba a murza curin da katako, ƙa'ida ta hana. Da yatsu ake danna shi daga tsakiya zuwa gefe, a kora iskar da ke ciki ta taru a baki, sannan a riƙa mara shi daga wannan hannu zuwa wancan a kan teburin marmara har ya buɗe. Tsakiyar ta zama siririya, ba ta kai rabin santimita ba, bakin kuma ya yi kauri, shi ne zai kumbura a wuta. Sai a zuba tumatir da cokali, a zagaya daga tsakiya. Mafi daraja shi ne San Marzano, wanda ake nomawa a filayen da ke kusa da dutsen Besubiyas mai aman wuta. Cukun kuwa ko na nonon ɓaunar ruwa da ake kiwo a yankin Kampaniya, ko na saniya. Sabon shiga yakan cika kaya don ya burge, sai tsakiyar ta jiƙe ta tsage.

A manyan shaguna mai kwaɓi daban, mai wuta daban, kuma a ganina mai wutar ne ba a ba shi haƙƙinsa ba. Sunan mai kwaɓi ke kan allo, shi ake ɗauka hoto, amma wanda ke tsaye da shebur mai doguwar ƙota a bakin tanderu shi ke da maganar ƙarshe. Tanderun ginin bulo ne mai rufin ƙubba, da itace ake hura shi, zafinsa daga digiri 430 zuwa 485. A irin wannan zafi sakan 60 zuwa 90 ya isa. Wutar tana gefe guda, don haka dole a juya fizar kowane ɓangare ya samu rabonsa, kuma a mayar da ita daidai gurbin da ta baro, domin sabon wuri ya fi zafi, zai ƙona gindinta. Ga huɗu ko biyar a ciki lokaci ɗaya, kowace da lokacin da ta shiga. Wanda ya taɓa kallon matan Kano suna manna gurasa a bangon tanderu, suna ciro ta ba tare da duba agogo ba, ya san irin ƙwarewar da ake nufi.

Wannan abinci na talaka ne tun asali. Tumatir daga nahiyar Amurka ya zo Turai a ƙarni na 16, kuma marasa galihun Napoli na cikin waɗanda suka fara ɗora shi a kan burodi. A tsaye ake ci, a ninke gida huɗu cikin takarda, har yau kuma ana sayar da ita haka a titin Via dei Tribunali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da itace da cuku suka yi tsada, mata suka riƙa soya fiza a mai a ƙofar gidajensu, suna bayarwa bashi: ka ci yau, ka biya nan da kwana takwas. Labarin asalin margherita da aka fi yayatawa shi ne na 1889, wai wani mai gasa fiza, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai ja da fari da kore irin tutar Italiya. Masu binciken tarihi sun yi shakkar wasiƙar godiyar da ake nunawa a matsayin shaidar labarin, kuma ana haɗa tumatir da cuku da basil tun kafin zuwan sarauniyar. A Disamban 2017 hukumar UNESCO ta sa abin cikin al'adun duniya da ake adanawa, kuma sana'ar ta sa, ba abincin ba. A lokacin an ƙiyasta masu yin ta a Napoli sun kai 3,000.

Mai yawon neman fizar da ta fi kowace daɗi daga birni zuwa birni yakan tafi da ma'auni guda, nan ne yake ɓata. Roma tana da tata, doguwa a tire, a yanka da almakashi a auna a sikeli, kuma ƙamas-ƙamas ake son ta. A Niyok, inda shagon Lombardi's ke ƙirga shekarunsa daga 1905, da kwal aka fara gashi, fizar ta fi faɗi ta fi bushewa. Ta Shikago, wadda ta fito daga Pizzeria Uno a 1943, mai zurfi ce kamar a kwano, tana shafe fiye da rabin awa a wuta, sai da wuƙa da cokali. Wanda ya saba da waɗannan in ya je Napoli yakan ce ba ta gasu ba, alhali laushin da danshin tsakiyar su ne abin nema. Jerin gwanaye da ake fitarwa kowace shekara, irin 50 Top Pizza, yana da amfaninsa, ko da yake yakan jawo layi da tsada. Abin da ya fi shi sauri: ɗaga yanka ka dubi gindinta, ya kamata ka ga ɗigo-ɗigon ƙuna, ba fari fat ba, ba baƙi ƙirin ba; ka danna bakin, in ya lotsa ya dawo to kwaɓin ya kwanta.

Manyan sunaye ma yanzu ba duka a cikin Napoli suke ba. Franco Pepe yana ƙaramin garin Caiazzo, inda ya buɗe Pepe in Grani a 2012, kuma da hannu ake kwaɓi a can cikin akwatin katako, ba inji. Anthony Mangieri haifaffen Amurka ne, shagonsa na Niyok ya sha hawa saman jerin duniya. Tokiyo na da gwanayenta. A Italiyar kanta 'ya'yan masu shago da yawa ba sa son tsayuwar dare a gaban wuta, ranar hutun kowa ita ce ranar aikinsu. A Milan, in ka leƙa bayan kanta, sau da yawa Bamisire ne za ka tarar yana mara kwaɓi. Da yawansu da wanke-wanke da ɗauko itace suka fara, suka koma bakin tanderu, yanzu wasu shagon nasu ne.