Tarkon gara: yadda ake ciyar da 'ya'yan zabi ba tare da rushe suri ba

A Turai da Amurka akwai masu ajiye tururuwa a gida cikin akwatin gilashi don kallon yadda take haƙa ramuka da renon ƙwai. Wani Ba'amurke, Milton Levine, ya fara sayar da irin wannan akwati a 1956. A ƙauyukan da ke kewayen Malanville, a jihar Alibori ta arewacin Benin, da Gaya a ƙetaren kogin Neja, ƙwaron da ake nema kusa da gida shi ne gara, kuma don abincin kaji ake nemanta.

Gara ba tururuwa ba ce, masana sun ce dangin kyankyaso ce. Sai dai zamansu ya yi kama: akwai sarauniya mai zuba ƙwai, da ma'aikata, da sojoji masu gadi. A manyan suri, sarauniya ɗaya kan zuba dubban ƙwai a rana.

Zabi na yin ƙwai ne da damina, kuma makonnin farko bayan ƙyanƙyasa su ne mafi haɗari ga 'ya'yan. Tsakin gero ko dawa kaɗai ba ya isar su, suna buƙatar sinadarin gina jiki. Garin kifi da waken suya na da tsada ga mai kiwo kaɗan, ita kuwa gara kyauta ce.

Hanya mafi sauri ita ce a fasa suri a kwaso ɓaraguzan. Illarta ita ce idan aka kai ga sarauniya, gidan kan mutu, gobe kuma babu abin ɗiba. Shi ya sa tarko ya fi. Ana samun tsohuwar tukunyar ƙasa, a cika ta da busasshen kashin shanu da karan dawa ko totuwar masara, a yayyafa ruwa har su yi laushi. Da yamma a kife ta a kan ramin da gara ke bi, a rufe da ganye don inuwa. Gara za ta hau cin abin da ke ciki. Da sassafe ake ɗaukewa, domin da rana ta yi zafi takan koma ƙasa. Sai a zazzage wa tsaki, a sake ɗana wata.

Akwai abubuwan kiyayewa. A nisanta tarkon da rumbu da ɗaki mai rufin itace, kada a jawo wa kai ɓarna. Kada a ɗana shi a gonar da aka yi wa feshi, musamman gonakin auduga da suka yawaita a Kandi da Banikoara. Masu kiwo kuma suna guje wa gara mai yawan sojoji masu manyan kai, saboda sukan ciji ƙananan tsaki a baki ko a maƙogwaro. Wasu nau'o'in ma suna kashe su, don haka sabuwar gara a fara gwada ta kaɗan.

Masu bincike sun kula da wannan dabara. Cibiyar CABI ta jagoranci wani shiri mai suna IFWA a Benin da Burkina Faso da Ghana, tare da jami'ar Abomey-Calavi, kan amfani da gara da tsutsar ƙuda wajen ciyar da kaji.

Barin suri da ransa yana amfanar gona ma. Manoman Tahoua masu haƙa tassa suna zuba taki a ramukan, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga.