Kafin a Yanka Fuloti a Tsohon Filin Sana'a

Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen hanyar jirgin ƙasa da ke tasowa daga Zariya, kuma matattarar gyaɗa da auduga daga ƙasar Zurmi da Shinkafi. Wannan ciniki ya mutu tuni, ya bar ɗakunan ajiya da filaye babu mai amfani da su. Yanzu kuwa rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari, kowa na neman inda zai kafa ɗaki, don haka duk wani kango ya yi daraja. Sai dai filin da aka taɓa yin sana'a a kai, ko garejin makanikai ne, ko wurin fasa tsohon batir, ko inda aka niƙa dutsen zinare, ba a gane lafiyarsa da ido.

Zamfara ta koyi wannan da rayukan 'ya'yanta. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF da ke bin sawun sanƙarau suka tarar yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ce. Ana kawo dutsen zinare mai ɗauke da ita gida, mata su daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙura ta bi tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Aikin share ƙasar da ya biyo baya a Dareta da 'Yargalma da Abare, sannan Bagega a 2013, shi ne abin koyi mafi kusa da mu.

Abin da aka fara yi shi ne fitar da sana'ar daga cikin gidaje. Sarakuna da masu unguwanni suka sa aka kwashe injinan niƙa zuwa bayan gari, domin sharar da ake yi ana ƙara zubawa aikin banza ce.

Daga nan sai awo. Akwai wata na'ura ta hannu, XRF, ana ɗora bakinta a ƙasa, nan take ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Ma'aikata suka bi gida-gida, ɗaki-ɗaki, har madafa da bakin rijiya, suna zana taswirar kowane gida. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga filin da yara ke wasa ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren niƙa an samu fiye da 100,000. Amfanin awon shi ne guba ba ta bazuwa daidai. Kusurwar da turmi ya zauna na iya zama mugun wuri, gindin bishiya can gefe kuma lafiya lau. Wanda bai auna ba zai ƙarar da kuɗinsa a inda ba ciwo.

Sannan kankara, kuma nan ne mutane suka fi mamaki, don ba wani magani ake fesawa ba. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, damina goma ba ta wanke ta. Sai dai a ɗauke ƙasar ɗungurungum. Sa'ar da aka yi ita ce takan tsaya a sama-sama, saboda haka kankare kimanin santimita 5 kan wadatar a yawancin gidaje. Samarin gari ne suka yi aikin da fartanya da shebur, ana durawa a buhu, a kai ramin da aka tanada nesa da gari da ruwan sha, a binne. Bayan an kankare a sake aunawa, in da saura a ƙara. Sai a kawo ƙasa mai tsabta, ita ma an auna ta, a shimfiɗa a daddaɓe. Kududdufan da aka wanke dutse a ciki su suka fi ba da wuya, ga shi da damina ta faɗi aiki ya tsaya. Injiniyoyin TerraGraphics da suka jagoranci aikin sun koyi dabarar ne a wani tsohon garin ma'adinai na jihar Idaho a Amurka, suka mayar da ita ta hannu maimakon katafila.

Jinyar yara ta zo ne bayan shara, kuma da gangan aka yi haka. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma rarrafe a ƙasar da ta sa shi ciwon. Shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin sharar a farkon 2013, kusan shekara uku bayan an gano cutar. A ganina wannan jinkiri shi ne mafi munin abin kunya a duk labarin.

Saura tambayar me za a yi da filin. Wurin da aka share sosai ana iya zama a kai. Wanda aka rufe kawai da ƙasa ko siminti ya fi dacewa da tashar mota, rumfunan kasuwa ko ɗakin ajiya, ba makarantar firamare ko lambun alayyafo ba, kuma ba a haƙa rijiya ko ɗibar ƙasar bulo a ciki. Dole a rubuta tarihin filin a ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma, don magada kan manta. Gubar kuwa ba ta gushewa don an daina sana'ar: a garin Kabwe na Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yau yaran unguwannin da ke kewaye suna ɗauke da gubar.

Mai shirin sayen fuloti a Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi, ya tambayi dattawan unguwa wace sana'a aka yi a wurin. In aka ambaci batir, niƙan dutse ko baƙin mai, ya nemi ma'aikatar muhalli ta jiha ta auna ƙasar kafin ya biya.