Sabaton: Ma'anar Kalmar da Labarin Takalmin Ƙarfe na Barden Turai

Duk wanda ya duba littattafan tarihin yaƙoƙin Turai na zamanin da, zai gamu da wata kalma, watau sabaton. Fassararta mafi sauƙi ita ce takalmin ƙarfe. Amma mai karatu ya sani fassarar nan ba ta cika ba, gama wanda ya ji ta zai zaci wani takalmi ne na ƙarfe da ake zura ƙafa a ciki a yi tafiya, alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Asalin lafazin daga harshen mutanen Furobans ne, a kudancin Faransa, inda sabata ke nufin takalmi. Daga can ya shiga Ingilishi a ƙarni na 14 na Miladiyya. Yana da dangi a wasu harsuna: mutanen Sifen suna cewa zapato, na Italiya ciabatta, Larabawan Magrib kuwa sabbat, duka dai sunan takalmi ne. Akwai kuma wani suna da ake kiran wannan kaya da shi, solleret, shi ma daga tsohuwar kalmar Faransanci ta takalmi ya fito.

Ga siffarsa. Maƙeri yakan yanka ƙarfe falle-falle, ya jera su ɗaya bisa gefen ɗaya kamar ɓawon kifi, ya haɗa su da ƙusoshi yadda za su lanƙwasa in ƙafa ta lanƙwasa. Galibi ba shi da tafi, bayan ƙafa da yatsu kaɗai yake rufewa, a ɗaure shi da igiya bisa takalmin fata. Saboda haka murfin takalmi ne. Ba sulke ba ne kuma, domin sulke zobba ne da aka saƙa, wannan ko faranti ne. Sai dai a Italiya barade da yawa sun fi son rufe ƙafa da saƙar zobba, to wannan ne ya cancanci a ce masa takalmin sulke.

Wani rubutun Ingilishi na wajen shekara ta 1450, mai bayanin yadda ake yi wa barde shirin faɗa, ya nuna sabaton ne farkon abin da ake ɗaurawa, kana a hau sama har a ƙare da kwalkwali. Dalilin yinsa a fili yake: ƙafar mahayi cikin likkafa daidai take da hannun dakare, ita ce mafi kusa da takobinsa da gatarinsa. Dakaru kuwa yawanci ba su sa shi, don nauyi ne kawai ga mai tafiya ƙasa.

To, sai ado ya shiga cikin sha'anin. A ƙarni na 14 da na 15 manyan Turai suka ɗauki yayin takalmi mai dogon tsini, har a 1463 Sarkin Ingila Edward na 4 ya yi doka, ya hana wanda bai kai darajar manyan sarauta ba sa takalmin da tsininsa ya wuce inci 2. Maƙera suka bi yayi, suna ƙera sabaton da tsini, wani har sai an kwance tsinin kafin mai shi ya iya taka ƙasa.

Abin da wannan yayi ya jawo ya bayyana a yaƙin Sempak, a ƙasar Suwizalan, ran 9 ga Yuli 1386, daidai da shekara ta 788 ta Hijira. Barden Ostiriya, ƙarƙashin shugabansu Leopold na 3, suka sauka daga dawakai don su kara da dakarun Suwis. Littattafan tarihin ƙasar sun ruwaito cewa sai da suka yanke tsinin takalmansu tukuna suka iya tafiya. Aka ci su da yaƙi, aka kashe Leopold da manyansa masu yawa. Ba takalmi kaɗai ya kayar da su ba, amma dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wajen shekara ta 1500 yayi ya juya. A zamanin Sarki Maksimiliyan na 1, wanda ya rasu a 1519, aka koma ƙera sabaton mai faɗin baki, irin wanda suke kira bakin agwagwa. Da bindiga ta yawaita, kafin ƙarshen ƙarni na 16 mahaya suka fara yar da ƙarfen ƙafa, suka koma ga dogayen takalman fata. Yau sai a gidajen ajiye kayan tarihi ake ganinsa, kamar na Lids a Ingila da na Biyana a Ostiriya.

Fa'ida biyu ke nan ga mai karatu. Ta fari, in ya gamu da kalmar, ya fahimci murfin ƙarfe ne na ƙafar mahayi. Ta biyu, siffar bakinsa tana nuna zamaninsa: mai dogon tsini ya riga 1500, mai faɗi ko na wajen shekarar ne ko bayanta.