Ciwon Hanta Ba Gadon Gida Ba Ne

Na gaji da jin wata magana a Bakura da ƙauyukanta: wai gidan su wane ciwon hanta a jininsu yake. Uwa ta rasu da kumburin ciki, ɗa ya bi bayanta, shi ke nan an yanke hukunci, gado ne, sai haƙuri. Har aure ana fasawa a kan haka.

Ƙwayar cuta ce ke kawo ciwon hanta nau'in B, ba kamar sikila ba da ake halittar mutum da ita. Wurin haihuwa jariri ke cuɗanya da jinin uwarsa, ƙwayar ta shige shi. Cikin jarirai 10 da suka kamu a lokacin, kusan 9 za su girma da ita shiru, ba alama, sai bayan shekaru hantar wasunsu ta lalace. Shi ya sa cutar take bin ɗaki ɗaya har a ɗauka gado ce.

Ba a ce halitta ba ta da hannu ba. Binciken da aka yi a Gambiya a 1995 ya nuna wasu sun gaji garkuwar jikin da ta fi iya korar cutar, an kuma ga irin haka a Japan a 2009. To amma wanda ƙwayar ba ta shige shi ba, ko jinin wa ya gada, ba zai yi ciwon ba. Yawan ƙwayar a jinin uwa shi ne babban abin tsoro. Askar wanzami ɗaya ga yara da yawa ita ma hanya ce.

Abin haushin, tun 2004 allurar rigakafin tana cikin jerin na yara a Najeriya, kuma kyauta. Sai dai ta farkon ta fi aiki cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa a gida ake haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, a ce sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in. Ina amfanin ragon suna idan an bar yaro da cuta? In mai jego ba za ta iya fita ba, kaka ko gwaggo ta goya shi zuwa asibitin Bakura ko ɗakin shan magani mafi kusa, ran nan. Sauran alluran a mako 6 da 10 da 14 ne. Mai ciki ta nemi gwajin hanta wurin awo. Idan ƙwayar ta yi yawa, likita kan ɗora ta kan Tenofovir daga wajen wata bakwai. Kada kuma a hana yaro nono.

Magidanta, ku ne masu ba da izinin fita da kuɗin mashin. Don Allah ku bayar tun ranar haihuwa.