Matameye: Daga ina gurnanin da ke ɓata tallar 'yan kasuwa a lasifika yake fitowa?

Duk mai shiga kasuwa a wannan zamani ya san ba kowane mai kaya ne ke kashe muryarsa da kiran masu saye ba. Mai maganin gargajiya da mai sabulu da mai atamfa, har da mai ƙuli-ƙuli, da yawa sun koma ɗora ƙaramar lasifika a kan kaya, ita ke ta maimaita talla tun safe har la'asar. Wannan talla kuwa matasa ne ke naɗarta da kwamfuta a ɗan ɗakin da suka mayar sutudiyo, wani a shago, wani a zauren gidansu. A garuruwan kan iyaka irin su Matameye da ke jihar Damagaram, sana'ar tana da wani ciwon kai da ke cin kuɗin mai naɗi da mai talla gaba ɗaya, wato ƙarar da ke shiga sauti ba tare da kowa ya gayyace ta ba. Hajiya ta biya kuɗinta, ta kai talla kasuwa, sai a ji muryar mai shela tana kokawa da wani gurnani kamar ana niƙa a maƙwabta.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne ƙarar ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da maganinta.

Wadda ta fi yawa ita ce gurnani mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka. Wannan muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar Nijelek, kamar ta Najeriya, tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan ta sami kafa ta ɗiga cikin wayar sauti, lasifika za ta rera ta tamkar waƙa. Yawanci kafar tana samuwa ne idan aka jona kwamfuta a soket ɗaya, lasifika a wani soket na daban, sannan wayar sauti ta haɗa su. Wutar da ya kamata ta bi hanyarta zuwa ƙasa sai ta ratsa ta wayar sautin. Maganin farko ba ya cin ko dala: a tara kwamfuta da lasifika da mikisa duka a soket ɗaya.

A nan ne zaman Matameye kusa da iyaka ya shigo cikin maganar. Kaya da yawa daga Kano suke fitowa, su biyo ta Daura su ƙetaro. Kayan Najeriya filoginsu irin na Ingila ne, mai ƙafa uku, alhali soket ɗin da aka fi gani a gidajen Nijar irin na Faransa ne, mai ramuka biyu zagayayyu. Sai yaro ya sa ɗan mahaɗi na araha, ko ya lanƙwasa ƙafa ta uku, ko ma ya yanke kan filogin ya cusa tsirarar waya. To, wannan ƙafa ta uku ita ce hanyar ƙasa. Wani lokaci cire ta kan sa gurnani ya ragu, shi ya sa wasu ke ɗaukar hakan dabara, amma wannan gyaran gangar auzinawa ne. Ranar da wuta ta kuɓuce a cikin na'ura, hanyar da ta rage mata ita ce jikin wanda ke riƙe da makirufo. Gara a kira mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ja waya zuwa soket, a huta.

Ƙara ta biyu siririya ce kamar kukan gyare, kuma tana da wata alama mai ban dariya: idan aka motsa linzamin kwamfuta ko hoto ya canja a allo, ita ma sai ta canja murya. Wannan daga cikin kwamfutar take, ko daga cajarta. Gwajin mai sauƙi ne. A zare caja daga kwamfutar tafi-da-gidanka a bar ta a kan batir. In ɗaki ya yi tsit, an kama ɓarawo. Cajojin jabu sun fi kowa wannan laifi, domin a wajen rage farashi kayan tace wutar ne ake fara zubarwa. Wannan ɗan kumburin da ake gani kusa da ƙarshen wayar caja ta asali ba ado ba ne, aikinsa ke nan rage irin wannan ƙara. Mai hali sai ya sayi akwatin sauti na waje da ake jonawa ta USB, tare da waya mai jijiya uku irin ta makirufo, wadda ake kira XLR, domin an ƙera ta ne ta yadda ƙarar da ta kwaso a hanya za ta soke kanta, muddin lasifikar tana da mashigar irin wannan waya. Wanda bai kai nan ba, akwai ɗan ƙaramin taransifoma da ake sawa tsakanin kwamfuta da lasifika, wanda ke barin sauti ya wuce ya tare wutar.

Ta uku kowa ya san ta tun zuwan wayar salula a 2001, wato ɗit-ɗiɗit-ɗit ɗin da lasifika ke yi kafin kira ya shigo. A nisanta waya daga teburin aiki, shi ke nan.

Sai batun wutar kanta. Idan ba a manta ba, a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a Maris na 2024, kuma yankin Damagaram da Maraɗi na cikin masu shan wutar da ke fitowa ta layin Katsina. Duk lokacin da wuta ta yi wuya, masu sana'a kan koma ga janareta da sola. Amma ƙaramin janareta wutarsa ba ta da natsuwa, haka nan inbata mai araha ba ta fitar da wuta sumul, a guntu-guntu take sassaƙa ta, kuma lasifika na jin wannan sassaƙa ta mayar da ita zuzz. Mai sayen inbata don aikin sauti ya nemi wadda mai shago ya tabbatar masa wutarta sumul take, ko da ta fi tsada. Firji da fanka da ƙwan fitila na araha su ma suna zuba tasu ƙarar idan layinsu ɗaya da kayan naɗi. Wayar sauti kuma kada a ɗaure ta dami ɗaya da ta wuta.

Ke kuma mai talla, ba sai kin san duk wannan ba kafin ki kare kuɗinki. Kafin ki biya, ki ce a tura miki tallar a wayarki, ki fita waje ki saurara da abin sawa a kunne, musamman wuraren da mai shela ya yi shiru yana numfashi. In kin ji gurnani a nan, to ya riga ya shiga cikin naɗin, kuma ko wace lasifika kika saya zai bi ki. Ki ce a sake. Kada ki yarda a ce za a goge shi da kwamfuta kawai, domin gogewar kan tafi da zaƙin muryar, ta bar ta kamar mai magana a cikin tulu. In kuwa a waya sautin fes yake, sai a lasifikarki ne yake gurnani, to kada ki je ki tayar wa yaron mutane da hankali. Ki duba ko kina kunna ta ne tana jone a caji, ki zare cajar ki sake saurara.