Daga Kan 'Yar Talla Zuwa Bayan Babur: Sana'ar Kai Abinci A Kaugama

Idan rana ta take tsaka a gonakin Kaugama, musamman wajen da ƙasa ta gangara zuwa fadamar Kogin Haɗejiya, 'yan ƙwadago sukan rage sunkuyo, su riƙa ɗaga kai suna duban hanya. Tun da sassafe suka fito, abin da ke cikinsu bai wuce koko da ƙosai ba, ga shi kuwa masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A da can abin da suke jira su hango shi ne wata yarinya tafe da ƙwarya ko faranti a ka, tana tsallake kunyoyi. A 'yan shekarun nan kuwa, sau da yawa ƙarar babur ce takan riga isowa, da saurayi a kai, da kuloli biyu ko uku ɗaure da roba a bayansa.

Wannan saurayi ba shi ya dafa abincin ba, ba kuma shi zai ci ba. Nasa dai ya ɗauko daga gidan mai dafawa ya kawo wa mai ci, a ba shi ladan ƙafarsa. Galibi kuma yana da wani abin yi dabam. Wani ɗalibi ne da ya zo hutu daga Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, wani ɗan acaɓa ne da ke cike lokacin da fasinja ya yi ƙaranci, wani kuwa ƙaramin manomi ne da ke neman kuɗin cefane kafin amfanin gonarsa ya nuna.

ASALIN SANA'AR

Kaugama ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗejiya, tana cikin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano ran 27 ga watan Agusta, 1991. Bisa ga ƙidayar 2006 jama'arta sun kusa 128,000, a warwatse cikin garuruwa irin su Marke, da Yalo, da Dakayyawa, da Girbobo, da ƙauyuka masu yawa. Yawancinsu manoma ne. A tudu ana noma gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, a fadama kuwa shinkafa da alkama da kayan lambu. Inda duk aka ce gona ta yi nisa da gida, to, dole a sami mai kai abinci.

Saboda haka sana'ar ba baƙuwa ba ce. Tun kaka da kakanni matan aure da ke cikin kulle suna dafa ɗanwake da dambu da waina da fura, su ɗora wa yara su kai kasuwa, ko tasha, ko gona. Wata Baturiya 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa wannan ɓoyayyen ciniki ne, watau kasuwa ce babba da ke ci a cikin gidaje ba tare da an ga masu ita ba. Da kuɗin wannan ciniki uwa take zuba adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Amma ƙafar wannan kasuwa ita ce yarinya ƙarama. Sa'ad da Gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, nan da nan aka gane cewa lokacin talla da lokacin makaranta ɗaya ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, duk da haka farantin bai sauka daga kan yara mata da yawa ba, domin uwa ba ta da wani wanda za ta aika.

ABIN DA YA SAKE

Abu biyu ne suka kawo sauyi. Na farko shi ne wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali har ta kai ƙauyuka. Yanzu mai gona yana iya buga waya tun da dare ya ce gobe yana da ma'aikata goma sha biyu, a dafa shinkafa da wake da mai da yaji. Mai dafawa tana daga cikin ɗakinta za ta ji, ta auna, ta kira yaron da zai kai. Kuɗi ma ana iya turawa ta waya, abin da jama'a suka koya ala tilas lokacin ƙarancin takardun Naira na farkon 2023.

Na biyu shi ne matsin rayuwa. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa farashin abinci ya hau da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Gaskiya ne an ɗaga mafi ƙanƙantar albashi daga Naira 30,000 na 2019 zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024. To amma Naira 30,000 takan sayi fetur fiye da lita 150 kafin janye tallafi, ita kuwa Naira 70,000 da kyar ta kai lita 70 a ƙarshen 2024. Mai albashi da ɗalibin da ya dogara ga mai albashi, duk sai kowa ya shiga neman abin da zai haɗa.

Masu sayen abincin kashi-kashi ne. Akwai ma'aikatan sakatariyar Ƙaramar Hukuma, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda da yawansu iyalinsu ba sa kusa. Akwai masu jinya da ke kwana a asibiti. Sa'an nan ga manoma, waɗanda su ne manyan masu ciniki: da damina lokacin noma, da kaka lokacin yankan shinkafa da kaɗe riɗi, da rani kuma lokacin ban ruwa. Noman rani ya ƙara ƙarfi tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama a ƙasar Haɗejiya a watan Nuwamba na 2023. Da azumi kuwa ciniki yakan koma yamma, a yi ta rige-rigen kai kunu da ƙosai kafin a kira Magariba.

RIBA TANA CIKIN LISSAFI

Wanda ya ga babur yana kai da kawowa sai ya zaci kuɗi ne ke zuba. Ya kamata a dubi abin da ya faru a manyan birane. Kamfanin Jumia, wanda ya daɗe yana kai wa mutane abinci a Legas da Abuja, ya rufe wannan sashe nasa a watan Disamba na 2023, yana mai cewa ba ya fitar da riba. A wannan wata ne kuma Bolt Food ya bar Nijeriya. Wasu, irin su Chowdeck da aka kafa a Legas a 2021, sun ci gaba da aiki, amma a wuraren da gidaje suke a cunkushe, masu saye kuma suke kusa da juna. Idan masu jarin miliyoyi sun ji jiki a inda titi yake shimfiɗe da kwalta, to, mai babur ɗaya a cikin yashin Kaugama sai ya riƙe alƙalami da kyau.

Ga misali domin sauƙin fahimta. A ɗauka ana sayar da lita Naira 1,000, zuwa wata gona da dawowa kuma yana cin rabin lita, watau Naira 500. A ɗauka kuma ladan kai abincin mutum ɗaya Naira 100 ne. In saurayi ya tafi da abincin mutum huɗu, ya samu Naira 400, ya yi asarar Naira 100 ke nan, ban da wahalarsa. In ya tafi da na mutum goma sha biyar, ya samu Naira 1,500, saura Naira 1,000 bayan an cire mai. Ko wannan ma ba duka ne nasa ba, sai ya ware na baƙin mai, da na faci, da na bakanike, da na katin waya. In kuwa babur ɗin na haya ne, mai shi yana jiran balas da yamma, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Abin da misalin ya nuna shi ne cewa yawan zirga-zirga ba ya kawo riba, sai yawan kaya a tafiya ɗaya. Shi ya sa masu wayo a cikinsu sukan tsayar da lokaci, su ce duk mai son abincin rana ya faɗa kafin hantsi. Sukan haɗa na sakatariya da na asibiti a zagaye guda, su bar na cikin gari ga mai keke ko mai ƙafa, su ajiye babur domin gonaki masu nisa.

BASHI DA RUWA DA TSABTA

Babbar cutar wannan sana'a ita ce bashi. Ma'aikaci yakan ce a rubuta sai ƙarshen wata, manomi kuma ya ce sai an sayar da riɗi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma jarin mai dafawa bai fi 'yan kwanonin shinkafa da kwalbar mai ba. In aka riƙe mata kuɗin kwana goma, tukunya ta sauka ke nan. Mai kaiwa kuwa shi ne a tsakiya: shi ya san mai ci, shi za a tambaya, kuma da shi za a ɓata. Sau da yawa mai dafawar uwarsa ce, ko yayarsa, ko matar wansa, saboda haka rigimar kuɗi takan zama rigimar gida.

Sai kuma ruwa. Ƙasar Haɗejiya ta sha mummunar ambaliya a 2020 da 2022, inda gonaki suka nutse, hanyoyi suka yanke, wasu ƙauyuka sai da kwalekwale. A irin wannan shekara mai kai abinci yakan rasa hanyar da zai bi, ya kuma rasa manomin da zai kai wa. Wanda ya ci bashi ya sayi babur domin wannan sana'a kaɗai, ya ɗora wa kansa kaya mai nauyi.

Game da tsabta, ba a manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda Jigawa tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Abincin da aka dafa da hantsi aka kulle a leda, ya yi sa'o'i cikin zafin bazara, yana iya lalacewa kafin a buɗe shi. Kula mai murfi, da ruwan wanki mai kyau, da saurin kaiwa, su ne kariya. Wajibi ne kuma ma'aikatan duba-gari su riƙa leƙa wuraren da ake dafa abincin sayarwa. A ƙaramin gari, in mutum ɗaya ya kwana da ciwon ciki, kafin Azahar kowa ya san daga gidan da abincin ya fito.

INA MATSAYIN MA'AIKACIN GWAMNATI?

Akwai wani batu da ya kamata ma'aikata su sani kafin su ɗaura kula a bayan babur. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999, inda aka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana cikakken ma'aikacin Gwamnati shiga harkar gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta kansa. Noma kaɗai aka keɓe. Wannan doka ta haɗa da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke lura da ita. Ko da yake kowa ya san ba a cika bin diddigin ƙananan ma'aikata ba, wanda ya bar teburinsa da ƙarfe goma sha biyu ya tafi rabon abinci, ya ba da ƙofar da za a kama shi da laifi biyu, ga barin aiki ga karya doka. Hanyar da ta fi lafiya ita ce sana'ar ta zama ta uwargida ko ta ƙane, su ke da jari, su ke da ciniki, shi kuwa maigida ya tsaya ga ofishinsa da gonarsa.

Ɗalibi ba shi da wannan tarnaƙi, nasa tarnaƙin shi ne lokaci. Sana'ar hutu ce, tana iya samar da kuɗin mota da na takardu. Wanda ya bari ta bi shi har cikin zangon karatu, zai gane kuskurensa ranar jarrabawa.

Duk da waɗannan matsaloli, akwai wani amfani da ba ya fitowa a littafin lissafi. Duk kular da saurayi ya ɗauka a bayan babur da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, faranti ne da wata yarinya ba ta ɗauka ba. Uwa ba ta rasa cinikinta ba, tana nan cikin gidanta da mutuncinta, 'yarta kuwa tana aji. Abin da dokar 2004 ta nema, wanda wa'azi da tara suka kasa cim masa a gidaje da yawa, ga shi ƙaramar sana'a tana taimakawa a kansa, domin ta ba uwa wani ɗan aike.

Sai dai wannan ba zai ɗore ba sai ladan kaiwa ya fita ba tare da ya cinye ribar mai dafawa ba. In mai ya yi tsada, ko masu ci suka riƙe kuɗi, abu na farko da uwa za ta yi shi ne ta sallami mai babur ta kira 'yarta, domin ita ba a biyanta. Saboda haka ma'aikacin da ke cin abincin rana a sakatariyar Kaugama yana da hannu a cikin wannan al'amari fiye da yadda yake zato. In ya biya kuɗin kwanonsa a kan kari, har da ladan wanda ya kawo, ya taimaka wata yarinya ta kai ƙarshen darasin ranar. Allah ya ba masu nema sa'a, ya kuma sa albarka a cikin abin da suka samu.